Amsa: Gidan Katsinawa amma kaka Badagomba

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ake kiran gidanku na Aboabo gidan Katsinawa alhali kakarka Badagomba ce, wato 'yar ƙabilar Dagomba ta arewacin Ghana, kuma babu mai rai a cikinku da ya taɓa taka Katsina. Haka gidaje da yawa suke a Zangon Kumasi, har da namu.

Goro ne ya kawo kakanninmu. Fatake daga Kano da Katsina suna zuwa Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Ghana, da jakuna, su sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Akra, wasu Kumasi bayan Turawa sun kama garin a 1896. Yawancinsu maza ne zalla suka zo, shi ya sa suka auri 'yan ƙasa, Dagomba da Gonja da Mosi. Sunan gari ya bi uba, tuwo da harshen ɗaki suka bi uwa.

Sai kuma 1969, lokacin da gwamnatin Busia, firayim ministan Ghana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Ƙanen kakata ya hau babbar mota zuwa Nijeriya bai dawo ba. Wasiƙunsa na ajami suna cikin akwatinta, ƙunshe a tsohon ɗankwali, har ta rasu.

Ka je wurin gwaggonninka tun suna da rai, ka ɗauki muryarsu a waya. Tambaye su tsagar fuskar kakanku da kirarin gidan. Ka duba bangon Alƙur'anin gida ma, can malamai kan rubuta ranar haihuwa.