Hukuncin Kyautar Giwa da Haruna Rashid Ya Aika wa Sharlaman

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne. An koya mana cewa Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sharlaman, sarkin Farankawa, kyautar giwa, har wai ya miƙa masa makullan Ƙudus, alhali wannan sarkin Fafaroma ne ya naɗa shi, kuma yana yaƙi da Musulmin Andalus. Shin halifa bai yi jiɓintar kafirai ba?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya ƙara maka son ilimi, ɗana.

Gaskiya ne Sharlaman ya jingina da coci matuƙa. Mahaifinsa Fefin ya ba Fafaroma filaye a Italiya a shekarar 756, shi kuma Fafaroma Liyo na 3 ya sa masa kambun sarauta a Roma ranar Kirsimeti ta shekarar 800. Marubutan fadarsa sun ce ya tura jakadu Bagadaza a 797, kuma a 802 wani Bayahude mai suna Ishaƙu ya iso birnin Ahen, inda fadar Sharlaman take, da giwa mai suna Abul Abbas, wadda ta rayu har 810. Sun kuma ambaci agogon ruwa na tagulla da ya zo a 807, mai jefo ƙananan ƙwallaye duk sa'a. To amma labarin nan duka daga bakin Farankawa ya fito. Ɗabari, masanin tarihin Musulunci wanda ya bi zamanin Haruna shekara bayan shekara, bai kawo shi ba. Irin wannan labari ana karanta shi a matsayin tarihi, ba a gina tuhumar Musulmi a kansa.

Mu ƙaddara ya tabbata. Musayar kyauta tsakanin shugaban Musulmi da sarkin da ba Musulmi ba halal ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar, ya karɓi farar alfadari daga sarkin Aila a tafiyar Tabuka, shi ma Annabi ya ba sarkin mayafi. Bukhari ya ƙulla babi guda kan karɓar kyautar mushirikai. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuwa ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Akwai hadisin Iyadu ɗan Himar da Annabi ya ƙi kyautarsa yana mushiriki, malamai kuma sun haɗa waɗannan hadisai da cewa abin yana bin maslaha ne: inda karɓa za ta amfani Musulmi a karɓa, inda za ta zama tarko ko ƙasƙanci a mayar. A ƙarƙashin Haruna akwai Kiristocin amana da masu ziyarar Ƙudus daga Turai, tattauna lamarinsu da sarkinsu aikin halifa ne.

Maganar makullai, an juya ta ne. Babban limamin cocin Ƙudus ne ya aika wa Sharlaman makullan cocinsu a shekarar 800 don girmamawa. Garin bai fita daga hannun Abbasawa, gidan su Haruna, ba ko na yini ɗaya.

Inda tambayarka ke da nauyi shi ne Andalus. A 801 ɗan Sharlaman ya ƙwace Barsalona daga hannun Musulmi, giwar tana kan hanya. Da a ce Haruna ya ƙulla wannan zumunci don a raunana Umayyawan Andalus, saboda gabar da ke tsakaninsu da Abbasawa, to wannan haramun ne, domin taimakon wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi yana cikin abin da aya ta 9 ta Suratul Mumtahana ta hana. Wasu masana tarihi na baya suna zaton haka, amma zato ba ya zama hujja a shari'a, kuma ban halatta maka ka jingina wa halifa wannan niyya ba tare da shaida ba.

Wanda aikinsa ya bayyana shi ne Sulaiman al-A'arabi, gwamnan Barsalona, da ya je har Fadabon, a ƙasar Jamus ta yau, a 777 ya gayyato Sharlaman don ya taimake shi a kan Abdurrahman ad-Dakhil, sarkin Umayyawan Andalus. Rundunar ta zo a 778, birnin Saragosa ya ƙi buɗe mata ƙofa, sai rundunar ta juya. Wannan gayyata ita ce haramtacciya, ko da kuwa yana ganin an zalunce shi.

Kyautar giwa kuwa, in ta faru, babu laifi a cikinta. Wallahu a'alam.