Amsa kan ƙwallon da aka ce Babe Ruth ya sa wa hannu

Assalamu alaikum, jama'a. Ƙanina, na saurari saƙonka game da ƙwallon besbol da aka yi maka tayinsa da araha a can Amurka, wanda aka ce Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol na da, ne ya sa masa hannu. Ka tambayi ko ka saya, amma ni abin da na ji kana nema shi ne ko tsufan kaya kaɗai yana mayar da shi kuɗi, kuma ba ya mayarwa. Abin da masu tara irin waɗannan kayan suke biya wa kuɗi shi ne ƙarancin abu da lafiyarsa, sannan da sanin hannuwan da ya bi kafin ya iso gare su.

Dubi katin hoton ɗan wasan besbol Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. An daina buga nasa da wuri, saboda haka kaɗan ne suka rage, har aka sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a 2022. To, wanda ya fi shahara a cikinsu, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokin cinikinsa suka saya dala 451,000 a 1991, kamfanin PSA mai tantance irin waɗannan kayan ya duba shi ya ba shi maki 8 cikin 10, sai ga wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa shi ya datse gefunansa domin ya yi kyan gani. Fiye da shekara ashirin manyan masana suna jinjina wa katin da aka yi wa aski! Wannan magana har yau tana ba ni haushi, amma bari in bar ta nan.

Mu koma kan ƙwallonka. Ruth ya rasu a 1948, kuma sa hannunsa yana cikin waɗanda 'yan damfara suka fi kwaikwayo. Ka juya ƙwallon ka karanta tambarin da ke jikinsa, domin a da ƙwallayen gasar American League suna ɗauke da sunan shugabanta na lokacin da aka yi su. Idan ka ga Bobby Brown, wanda ya hau kujerar a 1984, ciniki ya mutu. Idan kuma da alƙalamin maka (marker) aka yi rubutun, kada ma ka tsaya taya shi, domin sai bayan mutuwar Ruth irin wannan alƙalami ya yaɗu. Ban ce takardar PSA ba ta da amfani ba, ka neme ta, ka kuma duba lambarta da kanka a intanet, sannan ka turo mana hoton tambarin kafin ka ba da ko sisi.