Dillali ya ce in tura kuɗi kafin in ga gidan

Tambaya: Assalamu alaikum. Mai gidan da nake haya a cikin gari ya ƙara kuɗi, albashina ba zai ɗauka ba, ga wa'adi ya ƙarato. Na ga wani gida a Facebook a wata unguwa ta bayan gari, ɗaki biyu da falo, da sauƙi ƙwarai. Dillalin ya ce rububinsa ake yi, in tura rabin kuɗi ya riƙe mini. Hankalina a tashe yake. In tura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka tura ko sisi.

Komawa bayan gari shawara ce mai kyau, muddin ka haɗa hayar da kuɗin motar zuwa aiki da kai yara makaranta. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kada haya ta haura kashi 30 cikin 100 na samunka. Ka je unguwar da safe, ka koma da dare. Ka duba gindin bango: in fenti ya kumbura, ruwa na shiga da damina. Ka murɗa famfo, ka tambayi maƙwabta batun wuta da tsaro.

Amma abin da ke ƙona mini rai, wanda kullum sai an kawo mini kukansa, shi ne wannan tunani na cewa kuɗi ke kama gida. Wane gida? Na wa? Kuɗin da ka tura wa mutumin da ba ka san matsayinsa ba bai kama komai ba. Hotunan nan sau da yawa kwaso su ake yi daga tallar wani, a rage farashi don ido ya rufe. Wani ma har da mabuɗi yake zuwa, ya buɗe maka ka zagaya, ya karɓi kuɗin mutane da dama a kan gida ɗaya, ranar tarewa ku haɗu a ƙofa kowa da kayansa. Maganar rububi kuwa ita ce makaminsu, don sun san mai wa'adi a wuya ba ya tsayawa bincike. Kuma saƙon banki shaida ce kawai ta ka tura kuɗi, ba ya nuna an ba ka haya. Wallahi ina tausayin magidancin da ya tara guminsa ya miƙa wa lambar waya. Masu wannan aiki su ji tsoron Allah, haƙƙin iyali ba ya barin mutum.

Ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa mai takardar wakilci, maƙwabta su tabbatar maka shi ne. A rubuta yarjejeniya: nawa ne, na tsawon wane lokaci, gyara a kan wa, yaya za a mayar da kuɗin ajiya. Ka duba mita ko akwai tsohon bashi. Sannan ka biya, ka karɓi rasit mai sa hannu.

Yau ɗin nan ka roƙi mai gidanka ya ƙara maka 'yan makonni, shi kuma dillalin ka ce masa sai ka gani.