Na yi ciki, manaja ya ce in rubuta takardar ajiye aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku ina aikin akawu a wani kamfani mai zaman kansa a Kano. Da cikina ya fito, manaja ya kira ni ofis ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, in na yaye zai mayar da ni. Kuma abokin aikina namiji, aikinmu ɗaya, ya fi ni albashi da naira dubu 20, wai shi mai iyali ne. Ina da wani haƙƙi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da haƙƙi, amma kafin komai, kada ki rubuta wannan takarda. Ranar da kika sa hannu, a idon doka ke kika tafi da ƙafarki, ba korarki aka yi ba. Alƙawarin "zan mayar da ke" na fatar baki ne, ba ya cikin fayil. Kotu takan saurari wadda aka tilasta wa ajiye aiki, sai dai a lokacin nauyin kawo hujjar tilasci ya koma kanki, kuma a ɗakin daga ke sai shi.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ki hutun mako 12: shida kafin haihuwa, shida bayanta. In kin yi wata shida a wurin, dole a biya ki aƙalla rabin albashi a tsawon hutun. Ba a yarda a ba ki takardar sallama kina cikin hutun ba. Bayan kin dawo da goyo, kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan doka ta shafi akawu da masu aikin ƙarfi; manyan jami'ai da ƙwararru irin su likitoci sai su duba takardar kama aikinsu da littafin ƙa'idojin ma'aikata.

Inda mata suka fi yin asara shi ne wajen sanarwa. Sai mace ta faɗa wa oga da baki a baranda, ya ce "to, Allah ya raba lafiya", ta tafi gida, bayan sati biyu a rubuta mata tuhumar ƙaurace wa aiki. Je ki asibitin da kike awo, likita ya rubuta miki takarda mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa. Rubuta wasiƙar neman hutu kofi biyu, ki haɗa da takardar likitan. Wanda ya karɓa ya buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata a kan kofinki. In ya ƙi, tura ta imel ko WhatsApp, ki ɗauki hoton saƙon. A cikin wasiƙar ki sa layi ɗaya cikin ladabi: ranar kaza an nemi in ajiye aiki saboda juna biyu, ni kuma ina son ci gaba da aikina. Wannan layin shi ne zai mayar da maganar ɗaki ta zama hujja.

Tun yanzu ki kwashe kofin takardar kama aiki, takardun albashi ko alat na banki, da duk wani yabo da aka taɓa rubuta miki, ki ajiye a gida. Ranar da aka sallami mutum, a ranar ake rufe masa kwamfutar ofis.

Maganar albashi, "shi mai iyali ne" ba dalili ba ne. Aiki ake biya, ba yawan bakin da ke gida ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan daidaiton albashi da ta 111 kan hana wariya, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon aiki da su. Amma ki tabbata matakinku, shekarun aikinku da takardun karatunku daidai suke, don nan kamfani zai fara laɓewa. Mu a ganinmu, ki fara tsare kujerarki, batun dubu 20 ya biyo baya.

In sun dage, kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku don sulhu. In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, kuma ta nuna ba ta wasa da irin wannan: a 2023 ta soke ƙa'idar 'yan sanda ta 127 da ke korar 'yar sanda marar aure in ta yi ciki. Idan kuɗin lauya ne matsala, tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ki tafi da fayil ɗinki a hannu.