Yaya, ga dalilin da ya sa nake kiran ɗan farina da sunansa

Yaya, tun da kika koma Katsina bayan bikin nan maganarki take cina a rai. Kin ce yaranmu na Agege bakinsu ya yi yawa, suna kallon babba tsakar ido, kuma kin riƙe baki da kika ji na kira ɗan farina da sunansa a gaban mutane. Hidimar baƙi ce ta hana ni amsa miki a lokacin.

Mu haihuwar Ikko ne, kin sani. Fataucin goro ya kawo kakanmu, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, ana loda huhunan goro daga nan zuwa Arewa. Zango ya kafu da sarkinsa da limamansa da makarantun allo. Kunya kuwa ba ta faɗi a hanya ba, da ita aka zo, har yau ɗana ba ya gaida babansa a tsaye.

Amma dubi yininsa. Da safe boko, ana koyarwa da Turanci, ga darasin Yarabanci da dokar jiha ta wajabta tun 2018. A filin wasa buroka, a gida Hausa, da la'asar Islamiyya. Kowane wuri da irin ladabin da yake nema. A wajen malam, sunkuyar da kai tarbiyya ce. A ajin boko, yaron da ba ya ɗaga hannu sai a ɗauke shi daƙiƙi, ko a ce wani abu na damunsa.

Yana aji uku malamarsa ta aiko in zo. Ta ce ba ya magana, lokacin tara sai ya rakuɓe jikin katanga, yara na tsokanarsa da "aboki" suna ƙwace masa fensir, bai taɓa kawo ƙara ba. Sannan ta ce in faɗi abu ɗaya da yake burge ni game da shi, ga shi tsaye yana ji. Yaya, ɗan fari! Na sunkuya ina wasa da bakin hijabina, na ce yaron nan dai ba laifi. Matar ta daɗe tana kallona, can ta rage murya ta tambaya ko ni ce na haife shi. Ta ɗauka matar uba ce ni. A Keke Napep muna komawa ya ce, "Umma, ba ki tuna ko ɗaya ba?" Har muka sauka ban iya cewa uffan ba.

Na daɗe ina juya abin. Ke da kika yi wa naki ɗan farin kawaici, akwai masu ɗauke miki nauyin. Kaka tana nan tana masa kirari, tana kiransa mai gidanta, goggo na ɓoye masa ƙosai, in an ɓata masa rai yana da ɗakuna biyar da zai shiga ya yi kuka a lallashe shi. Uwa ta yi shiru ne don gidan cike yake da masu faɗa a madadinta. Ni kuwa ciki da falo gare ni a gidan haya, maƙwabciyata Bayarabiya, kakarsa na Katsina. In na yi shiru, shirun kaɗai zai ji.

Daga baya malamar ba da shawara ta makarantar ta yi min bayanin wani masanin halayyar ɗan'adam, Erik Erikson, wanda ya ce daga wajen shekara 6 zuwa 12 yaro auna kansa yake yi da tsaransa, ko dai ya yarda ya iya, ko ya tashi yana jin shi ba komai ba ne. Ban buƙaci littafi ba kafin in gaskata, na ga hakan a jikin katangar makaranta.

Shi ya sa da yawanmu muka sauya salo. In sun dawo, kafin a tafi Islamiyya, sai na tambayi kowa wa ya ɓata masa rai yau, da wa ya yi wasa. Na koya masa in an ce masa "aboki" ya amsa da Yarabanci cewa yana da suna, kuma an haife shi a Agege kamar kowa. Dariya suka yi ranar farko, yanzu biyu daga cikinsu a tabarmarmu suke cin tuwon sallah. Gwamnatin jiha ta hana bulala a makarantu tun 2022, amma dorinar Islamiyya tana nan daram, wannan kuma muhawara ce da ba mu gama ba ko tsakanina da babansu, wanda har yau "kai" yake ce wa yaron.

Hutun ƙarshen shekara zan turo miki shi. Zai durƙusa ya gaishe ki, ba zai sa hannu a kwanon manya ba. Amma in kin tambaye shi lafiya, alhali ba lafiyar, zai gaya miki gaskiya. Don Allah kada ki ce masa fitsararre, ni na sa shi.