Amsa ga Alhaji: fim ne ko kaki yake sayar da bindiga a Amurka?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yanzu na tashi daga aiki na tarar saƙonni sun taru, ba zan iya zama in yi ta dannawa ba, ku yi haƙuri da muryar, za ta ɗan yi tsawo.

Alhaji, na ji tambayarka, ka ce wai da gaske ne mutanen Amurka bindigar da suka gani a fim ita suke zuwa su saya? Sai na ga Injiniya ya amsa maka cewa wannan aikin yara ne, mai hankali wadda soja da ɗan sanda suke riƙewa yake saya, tunda ita aka gwada aka tabbatar. To Injiniya, da girmanka da komai, ban yarda da kai a nan ba. Kana magana kamar hanya biyu ce, ta marasa wayo da ta masu wayo. Wallahi hanya ɗaya ce. Ko ta fim ka bi ko ta kaki, wani ne ya riga ya zaɓa maka, kuma in ka bi sawun zaɓin sai ka tarar da kamfani a tsaye a ƙarshensa.

Ka ga mutumin da yake shiga shagon bindiga a nan Texas, yawanci bai taɓa harba ko kaɗan daga cikin abin da ke jere a gilashin ba. Da suna yake zuwa a bakinsa. To ina ya samo sunan? Ai wannan ita ce tambayar da kake yi, Alhaji.

Eh, fim yana sayarwa, babu musu. A 1971 aka fitar da Dirty Harry, Clint Eastwood ya fito da wata ƙatuwar libarba, Smith & Wesson Model 29, mai cin harsashin .44 Magnum. Bindigar nan tana kasuwa tun tsakiyar shekarun 1950, mafarauta ne suka fi saninta, don nauyi gare ta kuma tana dukan hannu in ka harba. Fim na fita ta yi wuya a shaguna, mutane suna biyan sama da farashin kamfani don su samu. Amma ka lura, Injiniya, wane ne jarumin a fim ɗin? Ɗan sandan San Francisco ne. Ka ga ko a cikin fim ɗin ma rigar hukuma aka sa wa bindigar kafin ta shiga ran mutane.

Haka ta kaboyi. Kamfanin Colt sun daina ƙera tsohuwar libarbarsu ta 1873 da aka shiga yaƙin duniya na biyu, sai da finafinan kaboyi suka cika talabijin, mutane suka matsa, har wani kamfani Ruger ya fara cin kasuwar tun 1953, sannan Colt suka dawo da ita a 1956. Ita ma ɗin asalinta ta sojan Amurka ce. 

Mu zo kan Glock, don ni duk wanda zai yi mini wannan muhawarar sai ya fara bi ta kan Glock. Gaston Glock mutumin Ostiriya ne, sandunan labule da wuƙaƙe yake ƙerawa, ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. A farkon shekarun 1980 sojan ƙasarsu suka nemi sabuwar fistol, ya fito da tasa mai jikin roba, mai ɗaukar harsashi 17, ya ci kwangilar. A 1985 suka buɗe reshe a jihar Jojiya a Amurka. Lokacin ba wanda ya san su. Ba ta da kyan gani ma, baƙa ƙirin, kamar bulo.

Sai aka zo 11 ga Afrilu 1986, a Miami. Jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, su takwas suka tare 'yan fashin banki biyu. Mutum biyu fa. Aka kashe jami'ai biyu, aka ji wa biyar rauni. Da yawa daga cikin jami'an libarba mai harsashi shida suke riƙe da ita, ga ɗan fashi ɗaya da doguwar bindiga yana ta zuba musu wuta. Tun daga ranar hankalin 'yan sandan Amurka ya tashi, kowane gari suna cewa ɓarayi sun fi mu makami. To Glock suka shigo daidai kan gaɓa. Me suka yi? Suka karya wa 'yan sanda farashi. Suka ce ku kawo tsofaffin bindigoginku mu musanya muku da sababbi, wani wurin da ɗan ciko kaɗan. Kana jin don Allah suka yi? Sun san ribar ba a hannun ɗan sanda take ba. Ribar tana wajen mutumin da zai ga ɗan sandan unguwarsu da ita a ƙugu kullum, ya ce wannan ita ce bindiga, ya je shago ya biya cikakken kuɗi. Har kamfanin ya zo yana cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na hukumomin 'yan sandan Amurka tasu suke riƙewa, kuma wannan maganar ita ce babbar tallarsu.

Sannan ga ɓatanci da ya zame musu alheri. A 1986 ɗin jaridu suka yi ta yayata cewa Gaddafi yana neman sayen Glock, wai tunda roba ce na'urar filin jirgi ba za ta gan ta ba. Ƙarya ce, saman bindigar da bututunta duk ƙarfe ne. Amma har majalisa ta yi doka a 1988 a kan bindigogin da na'ura ba ta gani. Birnin New York ya hana mutane lasisinta, sai kuma aka gano kwamishinan 'yan sandan birnin da kansa ita yake riƙewa. Ka ga talla kyauta. A 1990 kuma Die Hard 2 ya fito, Bruce Willis yana bayanin wata Glock 7, wai ta tangaran ce, wai a Jamus ake yin ta, wai na'ura ba ta kama ta. Babu ko ɗaya da yake gaskiya. Babu wata Glock 7, ba tangaran ba ce, ba Jamus ba ce. Amma sunan ya shiga kunnen miliyoyin mutane, mawaƙan rap suka ɗauka suka ƙarasa aikin. To Injiniya, raba mini nan: ina fim ya tsaya, ina hukuma ta fara?

Tsaya, kada a fahimce ni a karkace. Ban ce Glock ba ta da inganci ba, tana aiki, ba ta cika cijewa ba. Kuma akwai gaskiya ɗaya a maganarka da zan ba ka: abin da hukuma ta ɗauka, kayansa suna yawa. Kamar zamanin Fijo 504 ne a gida, da gwamnati ta mai da ita motar ofis ana haɗa ta a Kaduna, kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta har ƙauye. Haka nan ma, kube, gidan harsashi, mai gyara, duk za ka samu da sauƙi. Wannan na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa wai hukuma mafi kyau take zaɓa. Hukuma kwangila take bayarwa. A 1985 sojan Amurka suka ajiye tsohuwar Colt ɗin da suke riƙe da ita tun 1911 suka ɗauki Beretta ta Italiya. Ita da fistol ɗin kamfanin SIG mai suna P226 duk sun tsallake gwaji, jimillar farashi ce ta raba gardama. Sai ga Lethal Weapon a 1987, ga Die Hard na farko a 1988, a kowanne akwai jarumi da Beretta a hannu, kasuwa ta buɗe. A Janairun 2017 aka sake, SIG P320 ta ci kwangilar soja, Glock suka kai ƙorafi aka yi watsi da shi, kuma tazarar farashinsu ta haura dala miliyan 100. Mutane suka yi layi suna sayen ta soja, har da kalar ƙasa-ƙasar nan. Cikin 2017 ɗin kamfanin SIG ya sanar cewa masu irin ta farar hula su kawo a gyara musu kyauta, don an gano tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska.

Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai, kuma kun san na sha faɗarsa a nan, maganar harsashin .40 ce. Bayan abin Miami, FBI suka ɗora laifi a kan harsashin 9mm, saboda wani harsashi da ya shiga jikin ɗan fashin ya tsaya gab da zuciyarsa, ya ci gaba da harbi. Suka koma 10mm, ya yi wa jami'ai ƙarfi, daga nan aka fito da .40 a 1990. Duk Amurka ta bi. Duk wanda ya riƙe 9mm ana yi masa kallon bai san abin da yake yi ba. Lokacin da nake aikin gadi mai makami, kamfanin da nake yi wa aiki suka ce dole kowa ya zo da .40, kuma daga aljihunka. Hujjarsu ɗaya, ita hukuma take riƙewa. Akwai wata baiwar Allah cikinmu, hannunta ƙarami, duk gwajin harbi sai ta sha wuya don bindigar tana fizgar ta. Muka roƙa a bar ta ta riƙe 9mm, manaja ya ce mu muka fi FBI sani? Ta bar aikin, Alhaji, mace mai 'ya'ya. Kuma harsashin ya fi tsada, mu muke saya mu yi atisaye. To a 2014 sai ga FBI da kansu sun ce harsashin 9mm na zamani ya wadatar, jami'ai sun fi saiti da shi, a 2016 suka ba Glock kwangilar 9mm. Nan da nan tsofaffin .40 na 'yan sanda suka cika shaguna a arha, tawa da na biya da guminta ta faɗi warwas. Ba wanda ya kira matar nan ya ce yi haƙuri. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wanda ya fi tsoratar da ni yanzu kuma ba fim ba ne, wasan bidiyo ne. Doguwar bindigar nan AR-15 da kuke ji, 'yar uwar M16 ce ta soja, Colt suna sayar da ta farar hula tun 1964, amma ba ta zama ruwan dare ba sai bayan 2004, da dokar hana irinta ta 1994 ta ƙare, ga kuma hotunan sojoji a Iraƙi da Afganistan kullum a talabijin. Kamfanoni suka koma tallata ta da kamannin soja da zancen mazantaka. Bayan kisan makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012, yara 20 da manya 6, iyalai suka kai kamfanin Remington ƙara a kan irin tallar da ya yi, aka sasanta a kan dala miliyan 73 a 2022. A cikin takardun da suka fito har da yarjejeniyar sa bindigarsu a cikin wasan Call of Duty. Yaron da bai isa saya ba ake nema, don ya girma da sunan a kansa.

Alhaji, in kuma don yaron nan naka da yake karatu a nan kake tambaya, don na san bai daɗe da kawo maka irin wannan zancen ba, to ka kira shi yau. Dokar tarayya ta hana mai bizar karatu mallakar bindiga, sai ta wasu 'yan ƙofofi kamar lasisin farauta, kuma wanda bai kai shekara 21 ba shago mai lasisi ba zai sayar masa da fistol ba. In aka kama shi da ita ba bisa ƙa'ida ba, ɗauri ne, ga biza ta tafi, ga karatu ya lalace. Kada ya saurari abokan da suke ce masa kowa yana da ita. Ka ba shi lambata ta bayan fage, zan yi magana da shi da kaina in na huta, in sha Allahu. Wassalam.