Tambayoyin Masu Karatu: An Sa Mini Ranar Tiyatar Haihuwa, Me Zan Tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗauke da cikina na uku, ya shiga wata na tara. Haihuwata biyu na baya da kaina na yi su lafiya, amma a wannan karon hoton ciki ya nuna jaririn ya kwanta a gicciye, likita ya ce aiki za a yi mini, har ya sa rana. Uwar mijina ta ce in bari naƙuda ta zo tukuna, wai sa rana gaggawa ce. Tsoro ya hana ni barci. Don Allah a bayyana mini abin da zan tarar a ranar da kuma bayanta. Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Zan fara da maganar surukarki, domin a nan ne haɗarin yake. Na tabbata ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma jaririn da ya kwanta a gicciye ba shi da hanyar fita, kuma idan naƙuda ta kama a haka, faya tana iya fashewa cibiya ko hannu ya riga fitowa, ko mahaifa ta yi ta matsawa har ta tsage. Aikin da aka shirya masa, aka tanadi jini, likita da mai ba da allurar kashe zafi suka zo a natse da safe, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda za a yi da tsakar dare bayan uwa ta galabaita. Yawanci ana sa ranar ne idan ciki ya kai mako 39, lokacin da huhun jariri ya ƙosa amma galibi naƙuda ba ta riga ta fara ba. Ki nemi maigidanki ya raka ki awo na gaba, in da hali har da ita Hajiyar, su ji bayanin daga bakin likita. Idan kuma kafin ranar kika ga ruwa ya zubo, ko jini, ko ciwon mara ya fara zuwa yana komawa, ko motsin jaririn ya ragu, kada ki jira wayewar gari, ki tafi asibiti a lokacin. Akan sake duba kwanciyar jaririn kafin a shiga da ke, domin wani yakan juya da kansa, a nan sai likita ya sake shawara da ke.

Kwanaki kaɗan kafin aikin za a auna yawan jininki da rukuninsa, a kuma bukaci a tanadi jini ko da ba za a yi amfani da shi ba. Wannan aikin maigida ne da 'yan'uwa, kuma ya kamata a gama shi da wuri, tare da sa hannu a takardar amincewa da biyan abin da za a biya. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a wasu asibitoci, don haka ko a asibitin Malam Aminu Kano kike awo, ko na Murtala, ko na Nasarawa, babu laifi ki tambaya ko akwai wani tallafi ko inshorar da ta shafe ki. Za a hana ki cin abinci na aƙalla sa'o'i shida kafin a shiga, kuma ki bi lokacin da aka faɗa miki daidai, ko da wani ya tausaya ya miƙo miki koko. Kada ki aske gashin mara da reza a gida, domin ƙananan yankan da reza ke bari suna ba ƙwayoyin cuta mafaka. Ma'aikata za su rage shi idan da bukata.

A ɗakin tiyata za a sa miki ƙarin ruwa a hannu, a ba ki maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, sannan a ce ki zauna a bakin gado ki lanƙwasa bayanki, ki sunkuyar da kai. Allurar baya ke nan da mata suke yawan tsoro. Cikin 'yan mintuna za ki ji ƙafafunki sun yi ɗumi, sun yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, amma idonki biyu, kina ji kina magana. Za a sa miki robar fitsari, a tare tsakanin fuskarki da cikinki da ƙyalle, kuma ba za a fara yanka ba sai an gwada an tabbatar ba kya jin zafi. Abin da za ki ji shi ne taɓawa da ja da dannawa, musamman lokacin da za a fito da jaririn. Wasu matan sukan yi rawar sanyi, wasu kuma tashin zuciya saboda saukar bugun jini, sai ki faɗa wa mai allurar da ke tsaye a wajen kanki, akwai maganinsa a hannunsa. Yankan a kwance ake yinsa a ƙasan mara, tsawonsa santimita 10 zuwa 20. Galibi cikin mintuna goma na farko za ki ji kukan ɗanki, sauran lokacin na cire mabiyiya ne da ɗinki, duka aikin bai cika wuce minti 40 zuwa 50 ba. Ki nemi a ɗora miki shi a ƙirji da zarar an ga kuna lafiya, a kuma taimaka miki ki sa shi a nono cikin sa'ar farko. Dakashin nan mai kauri shi ne abincin da ya fi bukata, kada a matse shi a zubar, kada kuma a ba shi ruwa ko wani jiƙo da sunan nono bai zo ba.

Ba zan ɓoye miki ba, idan allurar ta sake ki akwai ciwo, kuma kwana biyun farko su ne masu wuya. Ki karɓi maganin ciwo a kan lokacinsa, kada ki daure sai abin ya kai maƙura, domin wadda ciwo ya danne ba ta iya tashi, ba ta iya tari, ba ta iya shayarwa yadda ya kamata. Bayan sa'o'i 12 zuwa 24 akan cire robar fitsari a ce ki sauko ki taka. A lokacin za ki ga kamar ma'aikaciyar jinya ba ta da tausayi, alhali wannan tattakin shi ne yake hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, ya kuma tayar da hanji ki samu ki fitar da iska. Idan za ki tashi, ki fara juyawa gefe, ki sauko da ƙafafu, sannan ki tura jikinki da hannu. Idan tari ko atishawa ya zo, ki danne wurin ɗinkin da filo. Wasu sukan yi ciwon kai da yake tsananta idan an zauna, ya lafa idan an kwanta. Daga allurar baya yake, a sanar da likita. A asibitocinmu an fi sallama bayan kwana uku ko huɗu, kuma kafin ki fita ki tambaya ko zaren ɗinkin mai narkewa ne ko sai an dawo an cire. Ranar komawa gida a nemi mota a tafi a hankali, domin girgizar adaidaita sahu a kan ramuka azaba ce ga mai sabon ɗinki.

Game da masu cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ki toshe kunnenki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi ta tiyata, alhali tun 1985 masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 ne suke bukatarta. Matsalarmu ita ce mata masu yawa da suke bukatar aikin ba sa samunsa, ko kuma a kawo su bayan lokaci ya ƙure.

Tambaya: 'Yata za a yi wa aiki a haihuwarta ta fari, kuma gida za ta dawo wanka. Ni dai yadda aka yi mini na sani, ruwan zafi da ganye safe da yamma da kunun kanwa har a yi arba'in. Shin haka zan yi mata? Daga wata uwa a Yakasai.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya tun kafin a fara. Dawowarta gida babban gata ne, domin abin da mai tiyata ta fi bukata shi ne wanda zai ɗauke mata aiki, amma wankan sai an sauya masa salo. Ɗinkin da ake gani a fata shi ne na waje, a ciki akwai na mahaifa da na bangon ciki, kuma suna bukatar kimanin mako shida kafin su yi ƙwari. Tafasasshen ruwa da fyaɗa ganye a ciki, da gasa ciki da tawul, da zama cikin baho, duka suna iya jiƙa ciwon ya ruɓe ko ya buɗe. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: fatar da ke kewaye da ɗinkin takan yi watanni ba ta ji sosai, don haka ruwa yana iya ƙona ta ba ta sani ba. Idan likita ya ba da izinin wanka, ta yi da ruwa mai ɗumi daidai jiki, ta bar shi ya gangara ta kan wurin, sannan ta tsane shi da tsaftataccen ƙyalle ba tare da gurzawa ba. Kada a shafa man kaɗanya ko toka ko wani garin magani a kai. Zane da siket a ɗaura su sama da ɗinkin, kuma a lokacin zafin Kano a riƙa ɗaga fatar cikin a share gumi, musamman ga mai jiki.

Kunun kanwa kuwa ina roƙonki a bar shi, ko a yi kunun ba kanwa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ɗaga hawan jini, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jegon da suke haɗa ta da tsananin zafi. Ki ba ta kunun gyaɗa, da farfesu, da ƙwai, da wake, da zogale, da 'ya'yan itace da ruwa mai yawa, ta kuma ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Wannan abincin yana gyara ciwo, yana kuma hana taurin bayan gida, wanda yunƙurinsa ke wahalar da mai ɗinki ƙwarai. Kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, ba bokitin ruwa, ba daka, ba wankin tsugune, amma ta riƙa zagaya tsakar gida kullum.

Sai maganar suna. Ranar suna tana zuwa ne kwana uku ko huɗu kacal bayan sallama, a ɗaure mai jego cikin sababbin kaya masu matse ciki, ta wuni a zaune tana gaisawa da jama'a, ana tashi ana ɗaukar hoto. A raɗa suna da safe, a yi yanka, amma taron mata a rage shi ko a ɗaga shi zuwa bayan arba'in, kuma ke ce mai bakin da za ki faɗi haka a ji.

Ki sa ido a kan waɗannan alamu, kowace daga cikinsu ta isa a koma asibiti a ranar: zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, ko jinin biƙi ya yi wari ko ya ƙaru har yana jiƙa audugar mata cikin sa'a guda, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, wanda yake iya zama share fagen jijjiga. Haka kuma idan kika ga ta yi shiru, tana yawan kuka, ba ta sha'awar jaririn har fiye da mako biyu, wannan ma ciwo ne da yake da magani.

Tambaya: An yi wa matata aiki sau biyu, an ce mini daga uku an rufe haihuwa. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Hotoro.

Amsa: Malam, babu wani adadi da aka yanke wa kowace mace, akwai waɗanda aka yi wa fiye da uku lafiya. Sai dai kowane ƙarin aiki yana ƙara tabo a ciki, yana kuma ƙara yiwuwar mabiyiya ta sauko ƙasa ko ta manne a jikin tabon, abin da ke jawo zubar jini mai yawa har wani lokaci a cire mahaifa. Likitan da ya buɗe ya ga kaurin mahaifarta shi ne ya fi kowa sanin abin da za ta iya ɗauka, don haka ku adana takardar sallama ku tambaye shi tare. Wadda aka yi wa sau ɗaya tana iya gwada haihuwa da kanta a asibitin da ke da ɗakin tiyata a shirye, kuma kusan uku cikin huɗu suna dacewa, amma bayan sau biyu yawancin asibitocinmu rana suke sawa. Abin da ke hannunka shi ne tazara: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, kuma mace tana iya ɗaukar ciki tun kafin al'adarta ta dawo, saboda haka ku je sashen tazarar haihuwa a awon mako shida ku zaɓi hanyar da ta dace da mai shayarwa. Duk ranar da ta sake samun ciki ta fara awo da wuri, ta sanar da su aikin da aka yi mata a baya, kada kuma ta yi naƙuda a gida ko ta sha wani maganin saurin naƙuda.